Sunan da Baba Tsoho Bai Daina Kira Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Talatar da ta wuce layi ya zo kan kakana na wajen uba, wanda duk gidanmu ke kira Baba Tsoho. An yi masa sutura bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a nan Wudil. Ni jikarsa ce ta fari, a gabansa na tashi, kuma tun ina rarrafe yake kirana Amarya, ni kuma ina ce masa angon da ba ya cefane. Na zauna rubuta wannan ne don na lura a wajen zaman makoki cewa mutane suna ƙaunarsa, amma kusan babu wanda ya san aikin da ya yi a rayuwarsa.

Ina zaune kusa da Iya, matarsa, muna amsa gaisuwa, sai wata tsohuwa daga Kausani ta ce, "Allah ya jiƙan ma'aikacin banki." Ta kusa da ita ta ce a'a, ai dillali ne a Kaduna. Aka ce dillalin me? Ta ce ita dai ta ji an ce na takardu. Daga zaure kuma ina jiyo muryar wani tsohon dillalin shanu na kara yana rantsuwa cewa marigayi sanƙira ne, sai dai na masu kwat da lakatai. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Mun sha musu da shi, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Iya ba ta gyara wa kowa ba, tana jan carbi tana cewa amin.

Ana cikin haka maƙwabciyarmu ta shigo. Malama ce a jami'ar garin nan, tana koyar da ilimin tattalin arziki, Kirista ce 'yar kudancin Gombe, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidan da take haya da namu. Ta yafa mayafi, ta durƙusa gaban Iya, ta ce, "Mama, ya haƙuri?" Kafin Iya ta amsa sai kuka ya ƙwace wa Malama, ta ce, "To ni yanzu wa zai kira ni gobe da safe?" Baƙin da suka zo daga nesa suka dubi juna. Mu 'yan gida mun gane, kuma a nan ne nawa kukan ya ɓalle.

Ga abin da take nufi. Kullum bayan ya dawo daga asuba ya gama lazimi, Baba Tsoho kan shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, inda maza na waje da mata na ciki duk za su ji shi. Ya kife wani tsohon turmi a gefensa, ya ɗauki sandarsa, ya fara kiran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Kowa da laƙabin da ya sa masa: Uwar gida, Auta, Babban ɗaki, Na Kaduna, Mai kifi, Amarya, har zuwa jaririn da aka raɗa wa suna jiya. Wanda yake nan ya amsa. Wanda ba ya nan, duk mai labarinsa na kusa ya amsa masa, ya ce lafiya lau, mun yi waya jiya, ko kuwa yaronta na fama da zazzaɓi. Idan aka yi shiru, sai ya ɗan dakata, ya ƙwanƙwasa turmi da sanda, ya ce, "Babu ciniki," ya wuce na gaba. Idan shirun mutum ya yi kwanaki, to ranar sai an tashi wani ya je ya gano shi.

Malama ta shiga kiran ne ba da saninta ba. Ta tare da 'yan makonni, wata safiya ta ji an ce "Malamar jami'a!" daga bayan katanga, ta ɗauka wani abu ya faru, ta fito da buroshin haƙori a baki. Daga ranar take amsawa ta saman katanga. Ran da ta kwanta ciwo ba ta amsa ba, kafin hantsi Iya ta aika mata da kunun tsamiya.

Ina ƙarama na ɗauka kowane gida haka ake yi. Sai da na kwana gidan ƙawata na ji gari ya waye kowa ya kama gabansa ba wanda ya kira kowa, na dawo na tsare shi da tambaya. Ya ce aikinsa ke nan a kasuwa. Na ce wace kasuwa? Ya ce kasuwar hannun jari ta ƙasa, reshenta na Kaduna. Na ce me ake sayarwa? Ya ce kamfanoni. Na ce a ina ake ɗaure su? Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ni kasuwar da na sani ita ce kara ta ranar Juma'a, inda za ka ga sa, ka taɓa tozonsa, ka buɗe bakinsa, ga tireloli sun yi layi har kusa da gada. Kasuwar da ba a ganin kaya ta tsaya mini a rai shekara da shekaru. Na sha cewa, "Ango, gaskiya dai ba ka da sana'a, shi ya sa ba ka cefane." Wata rana ana jajibirin Sallah, maza sun haɗa kuɗi sun sayi saniya don watanda, sai ya kira ni ya nuna mini su. Ya ce, "Kin ga waɗancan? Babu mai iya sayen saniyar shi kaɗai, amma ga ta sun saya. To hannun jari watanda ce, sai dai ba a yanka saniyar. Ana barinta ana tatsa, kowa ya sami nono daidai abin da ya zuba. In ka gaji, ka sayar wa wani kasonka, saniya tana nan tana kiwo, ba ta ma san an canja mai ita ba." Ya ce da irin wannan haɗin ake gina masana'antar sukari da ta siminti da ta sabulu, abin da aljihu ɗaya ba zai ɗauka ba. Har yau ban ji bayanin da ya fi wannan shiga kaina ba, ko da yake na tambaye shi wa ke kwashe kashin saniyar, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Tarihin kasuwar kuwa a bakinsa yake kamar tarihin danginsa. Ya ce a Ikko aka kafa ta dab da samun 'yancin kai, da kamfanoni 'yan kaɗan, yawancinsu na Turawa. Daga baya gwamnati ta ce dole kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa kaso, sai ga malamin makaranta da direba da mai sayar da goro suna da hannu a kamfanin da a da ko ƙofarsa ba sa isa su tsaya. Aka buɗe reshe a Kaduna, shi kuma yana can yana neman aiki da 'yar takardarsa ta firamare. Ya fara da masinja, aka ga rubutunsa da kyau aka ba shi alli da allo yana rubuta farashi, aka ji muryarsa aka ba shi kira. Dillalai su zauna kewaye da tebur, shi ya kira sunan kamfani, mai saye ya ɗaga murya, mai sayarwa ya ɗaga murya, in sun daidaita a rubuta a gaban kowa. In ba wanda ya tanka, a buga tebur a wuce.

"Ko kamfanin da ya shekara ba a taya shi ba?" na tambaye shi.

"Ko shi. Ba a tsallake suna. Amfanin kasuwar ke nan, Amarya, kullum a san halin da kowa yake ciki, a fili."

Da kwamfuta ta zo aka daina kira, dillalai suka koma danna maɓalli, shi kuma ya tattara ya dawo Wudil. Iya ta ce satinsa na farko a gida kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai, ya shiga nan ya fita can. A sati na biyu ya kife turmi. Malama ta taɓa kai shi ajinta ya nuna wa ɗalibai yadda ake yi a da, ya raba su masu saye da masu sayarwa, suka yi ta ihu har malamin aji na kusa ya leƙo. Da ta nuna masa cewa yanzu a waya ake saye da sayarwa, ya juya wayar gaba da baya ya ce, "To wa ke ganin idon wa?"

Musunsu da Liman kuwa a kan ko abin caca ne. Liman ya ce duk abin da za ka kwanta da riba ka tashi da asara ba ka motsa ba, akwai alamar tambaya. Baba Tsoho ya ce to mai buhun gero a rumbu fa, shi ma ba haka yake kwana ba? Liman ya ce gero ana tuƙa shi. Suka yi shekaru a kan wannan, kowa na kawo hujja, kuma a kwano ɗaya suke shan fura. Abin da suka haɗu a kai shi ne a guji kamfanin giya da na kuɗin ruwa, sauran kuma suka bar wa gobe.

Akwai wani abu da aikin ya bar masa wanda mu muke kira fuskar aiki. Idan ka kawo masa maganar saye ko sayarwa, sai fuskarsa ta shafe, ba murmushi, ba ɗaure gira, ba komai. Ya ce haka aka hore su. Mai kira ba ya nuna son wani kamfani, domin in ya ɗaga gira kawai a kan wani suna, wani zai iya zuba dukiyarsa a kan girar nan. Ya riƙe wannan kamar alwala. Muna yi masa dariya a kai, har ranar da ta daina zama abin dariya.

Baba Tsoho yana da ƙane guda, autan mahaifiyarsu, manomi a Ɗankaza. Mu muna ce masa Baba Auta, shi kuma Auta kawai yake ce masa, duk da furfurarsa. Shi ya goya shi bayan rasuwar ubansu, shi ya yi masa aure. Duk Juma'a in Baba Auta ya shigo kasuwa, a zaurenmu yake cin tuwo, kuma a kiran safiya sunansa ne na biyu, daga na Iya sai shi.

Shekarun da hannun jari ya yi tashe, waɗanda suka manyanta za su tuna. Samari masu lakatai har kara suke zuwa suna tallar hannun jarin bankuna, kowa ka gani yana cewa ya zuba kaza ya zama kaza. Wata Juma'a Baba Auta ya zo da zumuɗi, ina kawo musu ruwa na ji da kunnena. Ya ce, "Yaya, ina so in sayar da shanun huɗata in sayi abin nan naku. Kafin damina in sayar in sayi huɗu a madadin biyu. Me ka gani?"

Na dubi Baba Tsoho, na ga fuskar aiki ta sauko. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

A ofishinsu na Kaduna wannan na nufin ban ce komai ba. A zauren Bahaushe kuwa, in ƙane ya kawo shawara wa ya yi shiru ya bi da addu'a, to an sa albarka ke nan. Baba Auta ya tashi da murna. Da ya fita Iya ta leƙo ta ce, "Malam, ka ce masa ya yi ko ka ce kada ya yi?" Ya ce shi bai taɓa ce wa kowa saya ko kada ka saya ba. Ta ce, "Wannan ba kowa ba ne."

Ba a daɗe ba kasuwar ta rufta. Ba a nan kaɗai ba, an ce har ƙasashen waje, amma mu abin da muka gani shi ne damina ta sauka Baba Auta ba shi da shanun huɗa. Da fartanya ya yi noman shekarar, shi da 'ya'yansa, rabin gonar ta kwana ba a noma ba. Ya zo zaurenmu sau ɗaya, bai zauna ba. Ya ce, "Ka sani, ka yi shiru." Baba Tsoho ya ce wallahi bai san za ta faɗi ba. Baba Auta ya ce, "Amma ranka ya kwanta?" Nan Baba Tsoho ya sunkuyar da kai, domin ba ya ƙarya. Baba Auta ya sa takalminsa ya fita.

Kada a ɗauka gaba suka yi irin ta ƙin sallama. Suna haɗuwa a Idi da wajen jana'iza, su yi musabaha da kan yatsu. Baba Tsoho ya aika masa da ɗan maraƙi, washegari muka tarar da shi ɗaure a ƙofar gida. Ya tafi Ɗankaza da kansa, aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kofin baƙi, Baba Auta ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Alhaji, an zo lafiya?" Alhaji fa, ba Yaya ba. Ya dawo bai ci abincin rana ba. Ya ce da ni, "Amarya, da ya zage ni da na fi jin daɗi." Mu mata muna zuwa biki da suna a can kamar da, amma da ka ambaci Baba Tsoho sai Baba Auta ya ɗauki fartanya ya ce yana da aiki, don haka muka koyi yin shiru.

Sunan dai bai fita daga kira ba. Kullum, bayan Uwar gida ta amsa, sai ka ji, "Auta!" A farko wata gwaggona ta ce lafiyarsa lau, ta gan shi a kasuwa. Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Na Auta ba a amsa masa. Ba labarinsa nake nema ba." Sai ya dakata, dakatawar da ta fi ta kowa tsawo, har ka ji kukan kaji da ƙarar tirela a kan gada, sannan ya buga turmi. Ban taɓa jin ya ce babu ciniki a kan wannan sunan ba, bugun kawai yake yi.

Mahaifina ya gaji da jin abin. Wata safiya ya ce, "Baba, don Allah a bar sunan nan haka. Yaran da aka haifa yanzu ma tambaya suke wane ne Auta." Baba Tsoho ya ce a wajen aikinsu ana cire kamfani ne in ya mutu, ko ya karya doka, ko shi da kansa ya nemi a cire shi. "Ya mutu? Ya aiko ya ce a cire shi? Dokar kuwa ni na karya." Mahaifina bai sake tayar da maganar ba. Ni kuwa haushin su biyun nake ji, tsofaffi biyu da taurin kai iri ɗaya, kuma na faɗa masa. Ya ce in na ga laifin ango in nemi saki.

Na yi aure a Kausani, sunana ya koma cikin waɗanda ake amsa wa. Da jikinsa ya yi nauyi a bana na dawo jinya. Ba ya iya fitowa bakin ƙofa, sai aka kai masa turmin gefen gado. Muryar da ta cika ɗakin dillalai ta koma sai ka kasa kunne, in ya kira ni nake maimaitawa da ƙarfi don na waje su ji. Safiyar Talata ya kira Uwar gida, Iya ta amsa. Ya kira Auta, na maimaita. Ya jira, ya jira, sandar tana hannunsa bai buga ba. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, na zare sandar a hankali. Kafin hantsi ya cika.

Baba Auta ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Da aka dawo ya shiga zaurenmu, karo na farko tun waccan ranar, ya zauna a lungu yana amsa gaisuwa da ka. A nan ya kwana tare da sauran maza.

Washegari aka dawo daga masallaci, aka kawo koko, gida ya yi tsit. Kowa na satar kallon bakin ƙofa. Malama ma na jiyo motsinta a bayan katanga, ta fito ta tsaya ko da yake ta san babu mai kira. Sai Iya ta ce, "Amarya, ɗauko turmin. Ke kika san jerin." Na ce Iya ni mace, ga baƙi cike da zaure. Ta ce, "Ai ba limanci na ce ki yi ba."

Na kife turmin, na zauna daga cikin labule. Na ce, "Uwar gida!" Iya ta ce na'am. Sai na tsaya, domin na san sunan da ke biye, kuma mai sunan yana zaune bayan labulen nan. Na dubi mahaifina ta gefen ƙofa, ya kawar da kai. Na tuna ba a tsallake suna.

"Auta!"

Shiru. Na jira irin jiran Baba Tsoho. Na ji ana raɗa a zaure, na ji muryar Baba Auta ƙasa-ƙasa yana tambayar mahaifina mene ne wannan. Mahaifina ya ce kiran safiya ne, sunanka ne na biyu. Ya ce, "Har bayan abin da ya faru?" Mahaifina ya ce har jiya. "Kullum?" Ya ce kullum, kuma ya hana kowa ya amsa maka.

Na ɗaga sanda zan buga, sai na ji daga lungun zaure wata murya ta ce, "Na'am, Yaya."

Ba wanda ya motsa. Iya ta rufe fuska da mayafi. Na buɗe baki zan kira na gaba, sai ya ce, "Yarinya, sake kira." Na sake, ya amsa. Ya ce in sake. Ban san sau nawa na kira ba, na dai san kokon kowa ya huce a kofi, kuma babu wanda ya ce ya isa.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa shirun da ya yi da wanda aka yi masa. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa ya amsa da farin ciki, ƙaninsa na gefensa.